Muryar da Ba Ta Tsallaka Titi Ba

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na fara zuwa sashen horar da murya da gaɓoɓi na asibiti. Ba da son raina na je ba. Sun bugo waya makon jiya suka ce layi ya zo kaina, wai 'yata Auta ce ta rubuta sunana tun watannin baya. Na ce musu wadda ta rubuta sunan ba ta nan. Mai wayar ta ce ba komai, ai ni ake nema. Ban yi mata ƙarin bayani ba.

Tsarin nasu na wata guda ne: kwana huɗu a mako, awa guda ta murya, awa guda ta motsa jiki, sannan aikin gida safe da yamma. Wanda ya cika fashi, a ba wani gurbinsa.

Mai horar da muryar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Malama kowa yake ce mata. Ta zaunar da ni gaban tebur, ta ajiye wata 'yar na'ura mai allura kamar ta ma'aunin gudun mota, ta ce in buɗe baki in ce "aaa" har numfashina ya ƙare. Shekarun da na yi a kujerar alƙali sun fi shekarunta a duniya. Na buɗe baki na ce "aaa".

Ta ce wannan cuta tawa, mai rawar hannu da taurin gaɓoɓi, tana ƙanƙantar da komai: taku, rubutu, murya. Ta ce mugun halinta shi ne mai ita ba ya sani; yana raɗa, kunnensa yana gaya masa magana yake yi kamar kowa. Na ce mata ni a kotu ban taɓa ɗaga murya ba, mutane ne suke miƙo kunne.

Ta yi murmushi. "Baba, nan ba kotu ba ce. Nan sai ka yi ihu za a sallame ka."

Na so in roƙe ta ta daina ce mini Baba. Ban roƙa ba.

Talata, da yamma

Mai horar da motsi wani dogon mutum ne da marasa lafiya suka laƙaba wa Saje, saboda yadda yake ba da umarni. Ɗakinsa faffaɗa ne, da madubi bango guda, da layuka masu launi manne a ƙasa. "Babban taku! Buɗe hannu! Kamar za ka rungumi giwa!" Haka nan yake yi mana. Na ga kaina a madubin: tsoho a duƙe, yana jan ƙafa kamar wanda ya ari takalmi. A cikin kaina kuwa miƙe nake tsaf.

Akwai wani dattijo da muke shiga tare, tsohon kwandastan mota. Ya ce shi da maƙogwaro ya ci abinci duk rayuwarsa, ga shi yanzu akuya ma ba ta jin korarsa. Da ya ji aikina na dā sai ya dafe kai. "Ranka ya daɗe, ashe da kai za mu yi fursunan nan? To a yi mana sassauci." Ya yi dariya shi kaɗai. Dariyar tasa ba ta da sauti, kafaɗunsa ne kawai ke rawa.

A bakin ƙofar ɗakin ƙafafuna suka kafe. Saje ya ce kada in damu, ƙofa ce inda wannan cuta ta fi kama mutum. Ya tambaye ni ko hakan na faruwa a gida. Na ce jefi-jefi.

Na yi atisayen. Na sha magani.

Laraba, da safe

Mahaifiyarta ta sake wanke labulen ɗakin Auta. Ba datti a jikinsa.

Alhamis, bayan na dawo

Malama ta naɗi muryata ina karanta sakin layi daga jarida, sannan ta kunna mini. Abin da ya fito wani shusshu ne, kamar mutum yana magana daga cikin rijiya. Na ce mata na'urar ta lalace, ko kuma ta ajiye ta nesa. Ba ta yi musu ba. Ta karanta sakin layin da kanta daga kujerar da nake zaune, ta kunna. Tata muryar ta fito ras.

Shaidar na'ura ba ta taɓa isata ita kaɗai ba. Na sha korar ta a kotu. Na'ura ba ta san abin da ke gudana a ƙirjin mutum lokacin da ya ɗaga murya da gaske ba. Karanta jarida daban, kira daban.

Ina so in rubuta wannan a fili, yadda na faɗa wa 'yan sanda, na faɗa wa yayanta, na faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa. Ranar ina tsaye a bakin ƙofar gida. Ita tana tsallaken titi, ta ba ni baya, tana neman mana tasi. Na ga abin da ke tahowa. Na kira ta da dukan ƙarfina, na sake kira. Ta ji ni. Auta ce, tun tana ƙarama ba ta taɓa juyowa a kiran farko ba, sai ta gama abin da ke gabanta. Kunnen ƙashi ne da ita, kuma mu muka shagwaɓa ta.

Ina fushi da ita. Na san ba a fushi da wanda ba ya nan. Ina fushi da ita duk da haka.

Asabar, da hantsi

Babban ɗana ya kira daga garin da yake aiki. Ya yi ta cewa, "Baba, layin ba kyau, ban ji ka ba." Ya ce in miƙa wa mahaifiyarsa. Da ta karɓa, layin ya gyaru.

Aikin gida yana buƙatar wani ya tsaya nesa ya ce ko ya ji. Na nemi mahaifiyarta ta tsaya a ƙofar kicin. Ta ce tana da ciwon kai. Tun da abin ya faru, duk lokacin da na ce na kira yarinyar nan ba ta juyo ba, sai ta tashi ta bar wurin. Ina jin haushin da nake ji ne ba ta son ji. Uwa ce. Ba ta son a ɗora wa 'yarta laifi ko da laifin nata ne.

Na yi atisayen ni kaɗai, ina fuskantar kantar littattafai. Na sha magani.

Litinin, da yamma

Malama ta ce in kawo maganganun da nake yi kullum a gida, don mu riƙa maimaita su da ƙarfi har su zama jiki. Na ce, "An ɗage zama." Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce a'a, na gida take nufi, irin su a kawo ruwa, a rufe ƙofa.

Na zauna ina tunani. Kusan duk abin da nake faɗa a gidan nan da suna ɗaya yake farawa. Auta, ina tabarauna. Auta, rage wannan waƙa. Auta, wa ya taɓa mini takardu. Ita kuma ta leƙo ta ce, "Baba, me ka ce? Wallahi ba a jin ka." Ni kuma in ce ta je ta wanke kunnenta.

Na ba Malama "ina kwana" da "na gode" da "a rufe ƙofa". Ta ce sun yi kaɗan, amma a fara da su.

Talata

Kwandasta ya zaɓi nasa maganganun. Yau duk sashen ya ji shi yana "Saura mutum ɗaya! A matsa ciki!" Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ina motar za ta. Ya ce, "Gidan lafiya, 'yata, amma direban ya yi barci."

Ya ce mini, "Ranka ya daɗe, kai matsalarka kunya. Ka saki maƙogwaron nan. Mutunci ba ya cika mota."

Na yi atisayen. Na sha magani.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta abin da ya faru bi da bi, ba ƙari.

Allurar na'urar ta ƙi wuce rabi tun safe. Malama ta ce ina riƙe kaina, ta ce ladabi ya yi mini yawa. Ta ce bari mu gwada wata dabara da take yi wa kowa. Ta tashi ta koma ƙarshen ɗakin, ta juya mini baya. Ta ce, "Baba, ka ɗauka ni 'yarka ce. Ina tsallaken titi, mota ta taho, ban gani ba. Ka ƙwala mini kira. Duk ƙarfinka."

Ba ta sani ba. Na tabbata ba ta sani ba.

Na kira. Ban shirya ba, sunan ne ya fito da kansa. Na ji shi a ƙirjina, na ji shi a haƙorana, na ji jijiyar wuyana ta ɗaure, daidai yadda ta ɗaure ranar. Ba zan yi kuskuren wannan ba. Kira ɗaya ne, ƙarfi ɗaya.

Ta ci gaba da tsayuwa. Can ta waiwayo ta ce, "Ina jira, Baba."

Sannan ta dawo ta duba allurar, ta ce, "Au, ka yi? Yi haƙuri, fanka ce ta hana ni ji. To ai an samu ci gaba. Wannan ya kai muryar mutum biyu suna hira a kujera ɗaya."

Na nemi sandata. Na ce mata ina da uzuri. A bakin ƙofa ƙafafuna suka kafe, sai da Saje ya zo ya yi mini ƙirge na fita.

Alhamis

Ban je ba.

Juma'a, da safe

Fanka ce. Ita da kanta ta ce fanka ce.

Asabar, da yamma

A titi ba fanka. Akwai babura, akwai injin mai walda na kusa da mu, akwai masu talla.

Ban yi atisayen ba. Na sha magani.

Litinin, da rana

Ban je ba. Malama ta bugo. Muryarta ta sauya. Wani ya gaya mata, ina jin ta duba takardata ta kira lambar ɗana. Ta yi ta ba da haƙuri har na ji nauyinta. Na ce mata ba ta yi laifi ba, aikinta ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Ta ce, "Baba, ban ji ba." Na maimaita.

Ta ce idan ban zo ba zuwa Laraba dole su ba wani gurbin, ba a hannunta abin yake ba. Ta ce 'yata ta zo sashen har sau da yawa tana bibiya, tana cewa mahaifinta mutum ne mai magana mai daɗi, duniya ce ta daina jin sa. Na ce na gode, na ajiye wayar.

Me zan yi da babbar murya yanzu? Wa zan kira da ita? Ihu bayan hari.

Kuma akwai wani abu da na lura da shi game da kaina, na rubuta shi don na saba rubuta hujjar ɓangaren da ba na so. Muddin ban koma ɗakin can ba, abin da ya faru ranar Laraba gwaji ɗaya ne, da fanka a kunne. Gwaji ɗaya ba ya rushe shaida. Idan na koma, allurar nan za ta riƙa hawa kullum, kuma duk hawan da ta yi zai nuna inda take a dā.

Talata, da hantsi

Akwai shaida guda da ban taɓa kira ba. Duk tsawon aikina ban taɓa yanke hukunci alhali akwai wanda yake wurin ba a saurare shi ba. A wannan karon na yi.

Na sami mahaifiyar Auta a tsakar gida tana ninke kaya. Na zauna a bakin dakali. Na ce ina so in tambaye ta wani abu, kuma ina so ta amsa kamar ba ni ne mijinta ba.

Ta ce, "Malam, a bar kaza cikin gashinta."

Na ce, "Ranar, kina ina?"

Ta daɗe tana gyara hannun wata riga. Ta ce, "Ina nan. Ina shanya." Ta nuna igiyar da haɓarta. Igiyar nan ba ta fi tsawon tabarma biyu daga ƙofar gida ba. Ƙofar a buɗe take ranar, ni ne a tsaye a cikinta.

Na ce, "Me kika ji?"

Ta ce, "Malam."

Na ce, "Me kika ji?"

Ta ce, "Birki."

Na ce, "Kafin birkin."

Ta ajiye rigar. Ta dube ni, karo na farko cikin watanni ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Ina kallon bayanka. Na ga kafaɗarka ta ɗaga, na ga kana son fita ƙafarka ta ƙi. Na ɗauka tari ne ya sarƙe ka, har zan kawo maka ruwa." Ta dubi ƙofar. "Ban ji komai ba. Ni da nake bayanka ban ji ba, balle ita."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, tana ji ina gaya wa mutane yarinyar ce ta yi kunnen uwar shegu.

Ta ce, "Ita ba abin da zai ƙara samunta. Kai ne a gabana. Na ga fushin nan shi ke tashe ka da safe, shi ke sa ka cin abinci. Na ce in na ƙwace maka shi, me zan ba ka?" Sai muryarta ta karye. "Amma wallahi duk ranar da ka ce mata mai kunnen ƙashi, sai in ji kamar an sake ɗauko mini ita daga titi."

Na tashi na shiga ɗaki. Ban kafe a ƙofa ba. Ban san dalili ba.

Laraba, da yamma

Na je.

Malama ta kashe fanka kafin in zauna. Na ce ta kunna. Kwandasta ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ɗauka an ba da belinka." Na ce an soke belin. Ya ce, "Ka ga, yau na ji ka ban matso ba."

Na yi atisayen. Na sha magani.

Alhamis

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ranar da aka kawo Auta gida wannan karin maganar ta zo mini a zuciya, kuma na bar ta ta zauna. Ban faɗa wa kowa ba. Yau ta dawo, ta zauna a inda ya dace.

Asabar, da safe

Mahaifiyarta ta tsaya a ƙofar kicin ba tare da na nema ba. Na ce, "Ina kwana." Ta girgiza kai. Na ƙara. Ta girgiza kai. Na yi abin da a kunnena ihu ne irin na mahaukaci a kasuwa. Ta ce, "Lafiya lau. Haka kake magana lokacin da na aure ka."

Na ce a rufe ƙofa. Na ce na gode. Da na zo ƙarshen 'yan maganganuna, ta ce, "Saura tabarau." Na ce wannan ba ya cikin aikin. Ta ce ta sani.

Litinin, da yamma

Saje ya koya mini yadda ake karya kafewar ƙafa. Kada ka yi kokawa da ita. Ka tsaya, ka mayar da nauyinka ƙafa ɗaya, ka zaɓi wani abu a ƙasa, ka tsallake shi da babban taku. Abin bai fi a koya wa yaro cikin 'yan mintuna ba. Na shiga ƙofar ɗakinsa na fita, na shiga na fita, yana tafa mini kamar na ci gasa.

Na tambaye shi tun yaushe ake koyar da wannan a asibitin. Ya ce ai an daɗe. Ya ce matsalar mutane ba sa zuwa da wuri, musamman manya masu ilimi, sai sun ga uwar bari. Ya yi dariya, na taya shi.

Talata

Allurar ta shiga kore, inda ake so ta kai. Malama ta yi murna. Na taya ta.

Laraba, da rana

Ɗana ya kira. Ya ce, "Baba, ka sauya waya ne? Yau layin tas." Na ce wayar ce dai. Na ce masa akwai maganar da na yi game da ƙanwarsa a gaban mutane, wadda ba daidai ba ce, kuma ina so idan ya sake jin wani ya maimaita ta, ya ce mahaifinta ya janye. Ya ce, "Baba, Umma ta gaya mini tun makon farko." Na ce to.

Ashe ni kaɗai ne a gidan nan ban san yadda shari'ar take ba.

Alhamis, bayan na dawo

Zama na ƙarshe. Malama ta kunna mini naɗin ranar farko, sannan na yau. Ta ce in ci gaba da aikin gida har abada, in ba haka ba cutar za ta karɓe abinta. Ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari." A wannan karon ban ji ina so ta daina ba.

Kwandasta ya raka ni har ƙofar asibiti. Ya tsayar mini da tasi da bakinsa, daga nesa, direban ya taka birki. Ya juyo yana haki, idonsa ya ciko. Ya ce, "Ka gani, ranka ya daɗe? Ta dawo." Na ce na gani.

Juma'a, da hantsi

Mahaifiyarta ta fita za ta kantin magani na tsallake, karɓo mini na wata mai zuwa. Bayan fitarta na ga takardar likitan a kan tebur, ta manta. Na ɗauka na bi ta. A ƙofar gida ƙafata ta so ta kafe. Na mayar da nauyi, na zaɓi wani tsagi a siminti, na tsallake.

Ta riga ta haye. Tana tsaye kusa da turken wuta, ta ba ni baya. Ban lura a inda Auta ta tsaya ranar take tsaye ba sai daga baya. Injin mai walda yana aiki. Babura suna wucewa. Ba wani abu da ke tahowa, takarda ce kawai aka manta.

Na kira ta.

Ta juyo. Mai walda ya ɗaga gilashinsa ya juyo. Wata mata mai goyo, can gaba da kantin, ita ma ta juyo.

Na ɗaga takardar. Ba ta dubi takardar ba. Muka tsaya haka, titi a tsakaninmu, ita ta toshe baki da gefen mayafinta, ni hannuna a sama yana rawa.

A kiran farko ta juyo.

Wata guda ne kacal horon ya ci. Tun bara Auta take roƙona in ba da shi.